Wa Ya Ce Araha Ba Ta Ado?

Idan azumi ya shiga goman ƙarshe, gidajenmu na Wad Haddad kan ɗauki wani ƙamshi da ba a jin irinsa a sauran watanni: ƙamshin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa da ake shafe bango da ita, gauraye da na ka'ak ɗin da 'yan mata ke ɗaukowa daga gidan burodi a manyan farantai. A fitar da angarib waje a kakkaɓe, a ɗaure igiyar da ta saki, a sauya zannuwan gado, a zubo sabon yashi a tsakar gida. Duk wanda ya tashi a wannan yanki na tsakanin Madani da Sinnar ya san wannan hidima, ya kuma san cewa a jikin bango take ƙarewa. In shafe ya bushe, sai maigida ko uwargida su ja da baya su dubi farin fili, a ce wani ya leƙa kasuwa ya samo abin ratayawa.

A kan wannan abin ratayawa nake so in yi magana, domin a 'yan shekarun nan maganar ta yi nauyi fiye da da. Tun daga Disambar 2023 da Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, waɗanda muke kira Da'ama, har zuwa Janairun 2025 da soja suka sake karɓe ta, babu wanda ke da zuciyar tunanin ado a faɗin Jazira. Waɗanda Allah ya nufa da dawowa gida, da yawansu sun tarar da ɗakuna wayam. Na shiga diwanin wani dattijo na ga ƙusoshi huɗu a jere, kowace da ɗan murabba'in fili a ƙarƙashinta wanda ya fi sauran bangon haske, shaidar cewa wani abu ya daɗe a wurin. Bai ce mini komai game da su ba, ni ma ban tambaya ba. Amma na san kafin Sallah zai nemi abin da zai rufe su.

Me kasuwa za ta ba shi? Mun san amsar. Hoton wani ruwa mai gangarowa daga dutse a ƙasar da babu wanda ya san sunanta, da agogo mai ruwan zinariya na roba, da furen roba wanda haɓub ɗaya ke mayarwa launin ƙasa. Masana'anta guda ce ke buga su dubu-dubu a can nesa, shi ya sa wanda ka gani a Madani shi za ka gani a Kano da Jidda. Ra'ayina shi ne, kuɗin da muka riga muka ware wa bango, mu karkatar da ko rabinsa ne zuwa ga bugun zanen wani mai zane ɗan ƙasar nan da ke raye, musamman irin zanen nan da Larabawa ke kira tajridi, wato wanda ba ya kwaikwayon surar mutum ko dabba ko gida, layi ne kawai da launi da siffa. Ba ainihin zanen nake nufi ba, wanda sai mai hannu da shuni. Bugunsa nake nufi a takarda mai kyau, da izinin mai shi, a farashin da talaka zai iya.

Na san wani ya riga ya yi murmushi, ya tuna karin maganar nan cewa araha ba ta ado. Zan zo kanta. Amma akwai tambayar da ta riga ta, wadda duk wanda ya taɓa nuna wa ɗan uwansa irin wannan zane a waya ya sha: "To, wannan kuma mene ne? Me yake nufi?"

Abin mamaki shi ne mutumin da ke wannan tambaya sau da yawa yana sanye da hula mai aiki, kuma bai taɓa tambayar maɗinkinta me aikin yake nufi ba. Kakansa ya baro ƙasar Hausa da babbar riga mai aska takwas, ga tambari a ƙirji, ga dagi a baya, kuma babu wanda ya taɓa cewa a nuna masa hoton me aka yi a jikinta. Matarsa tana ɗaura atamfa, wadda ita kanta bugu ce, kuma ta iya tsayawa gaban turmi goma ta ce wannan ya zauna, wancan ya yi hayaniya, ba tare da ta shiga wata makarantar zane ba. Faifan da uwayenmu ke saƙawa, da tabaƙ ɗin da ake kawowa daga Darfur, da sassaƙen bayan ƙwarya, da lallen da ake zana wa amarya: duk layi ne da launi da siffa. A can gida, tun daga masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, zuwa fuskokin gidajen Kano da Damagaram, magina sun yi shekaru aru-aru suna murɗa laka zuwa ƙulle-ƙulle da zobba da bakan gizo, mai wucewa kuwa ya tsaya ya ce wannan magini gwani ne. Ido ne ya yanke wannan hukunci, kuma idon nan muna da shi. Sai dai da zarar an sa abin a takarda an kewaye shi da birwaz, sai mu tsorata, mu ɗauka na 'yan boko ne.

Wanda ya fi kowa gane wannan a Sudan shi ne Ibrahim al-Salahi, haifaffen Umdurman a 1930, ɗan malamin da ke da halwa. Ya je Landan ya yi karatun zane a makarantar Slade daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da gwanintar Turawa a hannunsa. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, da ya baje zanensa a Hartum mutane ba su kula shi ba. Bai zargi mutanen da jahilci ba, sai ya koma yana duba abin da su ke ratayewa a gidajensu da kansu. Ya tarar da rubutun Larabci, da ƙawar tabarmi da faifai, da allon da ake yi wa almajiri zayyana, wanda a nan ake kira sharafa. Daga nan ya fara warware harafi, yana jan wutsiyarsa, yana kallon filin da ke tsakanin harafi da harafi, har siffofi suka fara fitowa daga ciki. Shi da Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaƙ su ne ginshiƙan abin da aka sani da Makarantar Hartum. A 1961 aka nuna aikinsa a Mbari da ke Ibadan ta Nijeriya, a 2013 kuma gidan Tate Modern na Landan ya yi masa baje koli na tarihin aikinsa baki ɗaya. Wato zanen da duniya ta yi wa tafi a Landan, tushensa allon nan ne da ni da kai muka ɗauka muna zagaya gidaje ana ba mu tukuici.

Akwai jerin zanensa da na fi so, wanda ya yi a kan bishiyar haraz. Haraz kuwa gawo ne, gawon nan namu da ke zubar da ganye idan damina ta sauka, ya yi kore shar lokacin da kowace bishiya ta bushe. A wasu daga cikin zanen babu reshe babu ganye, layuka ne miƙaƙƙu a tsaye da wasu a kwance, an ja su da natsuwa kamar ana ƙirga carbi. In ka ce a nuna maka bishiyar, ba za a iya ba. Amma manomin da ya taɓa fakewa a ƙarƙashin gawo a tsakiyar bazara, in ya daure ya tsaya minti biyu gaban zanen, ina kyautata zaton zai ji tsayuwar da ake nufi.

Kuma kada a ɗauka abin na mutanen Hartum ne kaɗai. Usman Waƙi'allah, wanda yana cikin na farko da suka fitar da harafin Larabci daga layin littafi suka mayar da shi zane mai cin gashin kansa, a Rufa'a aka haife shi a 1925, bakin wannan kogi da muke sha. Rashid Diyab ɗan Madani ne, an haife shi a 1957, ya yi karatu a Madrid ta Sifen, kuma bugun zane na daga cikin fannonin da ya ƙware a kai. Launin ƙasar Jazira da farin tob na matanta suna nan a aikinsa ga mai ido.

Ga kuma wani sauƙi da ya kamata a faɗa a fili, ko da yake ni ba mai ba da fatawa ba ne. Iyayenmu da yawa ba sa sakin jiki da hoton mai rai a ɗakin da ake sallah, kuma suna da hujjarsu. Zanen tajridi bai shiga wannan taƙaddama ba. Ya kuma kuɓutar da mu daga wata matsala da ba mu cika magana a kanta ba, ta ayoyin da ake bugawa a takarda maras ƙwari, su koɗe cikin shekara guda, a rasa yadda za a yi da su, wani lokaci a tsince su inda bai dace ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Me ya sa zanen bango, wanda Bahaushe ya yi suna da shi, bai ƙetaro tare da mu ba? Harshe ya ƙetaro. Agashe da godogodo sun ƙetaro, har Sudan duka ta san mu da su. Allo da tawada sun ƙetaro. Amma ka zagaya ƙauyukanmu daga nan har Mai Wurno, da wuya ka ga fuskar gida irin ta Zariya. A ganina amsar tana cikin yadda muka zo. Waɗanda suka tsira daga Burmi a 1903 suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, zuwa gabas, hijira suka yi. Dubban da suka biyo bayansu a ƙasa, Makka suka nufa, suka tsaya neman guzuri a gonakin auduga bayan an buɗe madatsar Sinnar a 1925. Wani masani, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a kanmu a 1995, inda ya nuna yadda jikokin alhazan nan, waɗanda aka haifa a Jazira, ke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya da ke kan hanya. Matafiyi kuwa ba ya yi wa masauki ado. Ga kuma 'yan uwanmu na kanabi, da suka yi shekaru tamanin ko fiye suna zaune a ƙasar da ba a yarda tasu ce ba. Wa zai kira magini ya ƙawata bangon da ana iya cewa ya rushe gobe?

Don haka muka zuba adonmu a abin da ake iya ɗauka: riga, hula, faifai, allo, jeren kwanukan amarya. Kakanninmu ba su yi wauta ba. Abin da ya faru da Nubawan Wadi Halfa ya isa darasi. Su ma sun shahara da ƙawata ƙofofin gidajensu da zane da farantai, amma da ruwan madatsar Aswan ya taso a 1964 aka kwashe su zuwa Khashmul Girba, adon ya nutse tare da bangon, sai abin da masu ɗaukar hoto suka tsirar. Mu ma mun gani da idonmu a Yuli da Oktoban 2022, lokacin da 'yan uwanmu suka baro Rusairis da Wad al-Mahi a jihar Nilul Azraƙ da abin da kai zai iya ɗauka, sannan muka sake gani a kanmu bayan shekara guda. Takarda kuwa ana cire ta daga birwaz, a naɗe, a cusa cikin tabarmar sallah. Bugun zane shi ne zanen bango na mutanen da tarihi ya koya wa kada su amince da bango. Ina faɗin haka da baƙin ciki, ba da alfahari ba.

Sai maganar kwafi. Akwai masu ganin abin da aka buga hamsin ba shi da daraja, tunda ba kai kaɗai ke da shi ba. Waɗannan sun manta da Alƙur'anin da da yawanmu muka yi karatu da shi. A Kano, marubuta irin su Sharu Bala na Gabari kan zauna su rubuta Alƙur'ani da hannu, da alƙalamin kara, su yi masa zayyana, sannan a kai maɗaba'a a ɗauki hoton kowane shafi a buga da yawa, a sayar a kasuwar Kurmi. Da haka hannun gwani ya shiga gidan talakan da ba zai taɓa iya biyan a rubuta masa nasa ba, har ya iso nan cikin kayan matafiya. Babu wanda ya ce rubutun ya rage kyau don maƙwabci ma yana da irinsa.

Sai dai bugu iri-iri ne, kuma ya kamata mai saye ya san abin da ake miƙo masa. Akwai wanda mai zane ke yi da hannunsa tun daga farko: ya sassaƙa siffar a jikin katako, ko ya karce ta a farantin tagulla ya bar ruwan asid ya ci layukan, ya shafa tawada, ya danna takarda a kai, ɗaya bayan ɗaya. Ko kuma ya tura launi ta cikin wani lallausan ƙyalle da aka ɗaure a katako kamar rariyar tankaɗe, kowane launi da nasa zagayen. Irin wannan ba kwafin wani zane ba ne, shi ne zanen. Muhammad Umar Khalil, haifaffen Burri a Hartum a 1936, wanda ya zauna a New York tun 1967, da wannan sana'a ta farantin ƙarfe duniya ta san shi. Shi kansa al-Salahi, da tsufa da ciwon baya suka hana shi tsayawa gaban babban allo, sai ya riƙa yin ƙananan zane a jikin kwalayen maganinsa da ambulan, daga baya a faɗaɗa su ta hanyar ƙyallen nan. A ƙasan irin wannan bugu za ka ga lamba da fensir, misali 7/50, wato na bakwai cikin hamsin, da sa hannun mai shi a gefe. Akwai kuma na biyu, wanda aka ɗauki hoton zane aka fitar da shi da injin buga hoto mai kyau a takarda mai kauri, da yardar mai zanen. Wannan ya fi araha nesa, kuma shi ne yawancinmu za mu iya. Babu laifi a cikinsa muddin an gaya maka gaskiyar abin da yake.

To, a nan ne karin maganar nan take da gaskiya, domin akwai arahar da ba ta ado, har ma tana jawo abin kunya. Kowa ya ji labarin kasuwannin da aka laƙaba wa suna kasuwannin Dagalo, inda ake baje kayan da aka kwaso daga gidajen mutane. Ba firji da talabijin kaɗai aka kwasa ba. An shiga ɗakunan aikin masu zane a Hartum, an wawushe Gidan Tarihi na Ƙasa, har hukumar UNESCO ta yi kira a Satumbar 2024 cewa kada kowa ya sayi kayan tarihin Sudan da ke yawo. Idan wani ya kawo maka zane na ainihi, mai kaurin fenti a jikin ƙyalle, a kan kuɗin buhun gawayi, kuma ya kasa gaya maka daga hannun wa ya fito, ka tuna da ƙusoshi huɗun nan na diwanin dattijo. Mai yiwuwa wani yana can Alƙahira ko Kampala yana kallon hotonsa a waya. Mu da muka ɗanɗani wannan, bai kamata a same shi a bangonmu ba.

Akwai kuma sata mai sanyi, wadda ba a ɗauke ta sata ba. Yaro ya shiga Facebook ya ga zanen wata baiwar Allah, ya sauke shi, ya kai situdiyo a Madani a fitar masa da shi a babbar takarda. Ya fito a dushe, launin ya kauce, ita kuwa mai zanen ko sisi. Alhali da ya aika mata saƙo, da wuya ta ƙi. Masu zanen ƙasar nan da yawa yaƙi ya watsa su, wasu Port Sudan, wasu Alƙahira, wasu Nairobi da Kampala, sun bar kayan aikinsu da aikin shekaru a baya, kuma abin da ya rage a hannun wasunsu shi ne hotunan aikin da ke cikin wayoyinsu. Na yi wannan ciniki da kaina. Na rubuta wa wani matashi da ya yi karatu a Kwalejin Zane ta Hartum, muka yi ciniki kamar yadda ake cinikin komai, na tura masa ta Bankak, ya turo mini hoton mai nauyi wanda ba ya fashewa in an faɗaɗa, da rubutaccen izinin in buga guda ɗaya. Duka da kuɗin bugawa da birwaz bai kai abin da muka kashe a labulen taga biyu ba.

Wani zai ce, Malam, mutane na neman abin buɗa baki kana maganar zane. Gaskiya ne, kuma ba zan yi gardama da yunwa ba. Wanda bai fitar da zakkar fidda kai ba, wanda 'ya'yansa ba su da rigar Sallah, wanda ake bi bashi, wannan rubutu ba da shi yake ba, bana. Da wanda ya riga ya ƙudurta sayen agogon roba nake. Shi kuɗin zai fita ko ta yaya, abin da ya rage shi ne inda zai sauka: ko a aljihun masana'antar da ba ta san akwai wani gari Wad Haddad ba, ko a hannun ɗan ƙasa da zai saya wa mahaifiyarsa magani da shi. Kuma ban yarda cewa sai ciki ya cika ido ke da hakki ba. A shekarar da ta fi kowace tsanani na ga mata suna share ƙofar rakuba a wurin gudun hijira, suna yayyafa ruwa, suna jera 'yan kofunan jabana a kan tire. Babu wanda ya umarce su.

Akwai wani ƙorafi da ya fi wannan zafi, wanda wani abokina ya jefe ni da shi. Ya ce, mutanen da har gobe wasunsu ke tambayarmu takardar asali, suna kiranmu baƙi bayan shekara ɗari da ɗoriya, su ne za mu rataya zanensu a ɗakunanmu? Na fahimci inda maganar ta fito, kuma ba zan ce ciwon ƙarya ne ba. Amma na gaya masa abu biyu. Mai zanen da ke kwana a ɗakin haya a Alƙahira ba shi ne jami'in da ya wulaƙanta shi a ofis ba. Sannan wanda ya ƙi taɓa al'adun ƙasa don an ce shi baƙo ne, ya taya masu faɗin haka aiki. Allon da Makarantar Hartum ta sha daga gare shi, mu ma namu ne, kuma halwoyinmu na cikin waɗanda suka raya shi a wannan yanki.

Abin da nake fata ma ya wuce saye. Ina so in ga yaranmu da ke riƙe da wayoyi sun bi gidajen tsofaffi sun ɗauki hoton kowane faifai da kowace tsohuwar hula da kowane allon sauka da ya tsira, sun tambayi sunan kowane aiki tun masu sanin sunayen suna raye. Daga cikinsu a samu wanda zai ɗauki wuƙa da guntun katako ya sassaƙa nasa, ya buga ashirin da tawada, ya kai kasuwa ranar jajibiri. Na farko zai yi muni, babu shakka. 'Yan makarantar zane ta Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, da haka suka fara, da komawa ga zanen gidajen iyayensu. Sai dai yaro ba ya sha'awar yin abin da bai taɓa gani an rataya a gidansu da daraja ba.

Ga wanda ya yi niyya, 'yan abubuwa kaɗan. Ka nemi mai zanen da kansa, kada ka bi ta hannun wanda ba zai iya haɗa ka da shi ba. Ka sa gilashi, saboda ƙurar ƙasar nan ba ta da tausayi. Kada ka rataya inda rana ke faɗowa ta taga, launi zai gudu cikin 'yan watanni. In bangon laka ne, ka sa ɗan ƙaramin katako a bayan birwaz ya ɗaga shi kaɗan, don iska ta ratsa, don kuma gara da danshin damina. Kuma ka zaɓi wanda idonka ya koma kansa sau biyu, ko da ba ka iya faɗin dalili ba. Guda ɗaya ya isa bango.

Nawa zanen, wanda na saya wurin matashin nan, launin ƙasa ne da baƙi da ɗan shuɗi kamar na baba, zobba ne da suka shiga juna, da wasu layuka da suka ratsa su. Na karɓo shi daga wurin mai birwaz ana gobe Sallah, na buga ƙusa na rataya. Da hantsi, bayan an sauko daga Idi, gwaggona ta shigo. Shekarunta sun haura saba'in, ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta yi shekara hamsin tana saƙa faifai. Ta zauna, aka kawo mata ka'ak, ba ta taɓa ba, idonta na kan bango. Na shirya jin tambayar nan da na saba ji.

Sai ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya rataya maka wannan?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo."

Ta ce, "To a juye yake. Nauyin ai ƙasa yake zama. Dubi baƙin nan, ka ɗora shi a kan shuɗi kamar an ɗora tukunya a kan murfi."

Na yi dariya, na ce irin wannan zane ba shi da sama ba shi da ƙasa. Ba ta amsa ba, ta ɗauki ka'ak ɗinta. Da dare, bayan baƙi sun watse, na sauke shi na buɗe bayan birwaz ɗin. Ashe mai birwaz ya rufe gefen takardar da katako, ya kuma sa maratayin a ɗaya ɓangaren. Sa hannun mai zanen yana can sama, ƙafafun haruffansa suna kallon rufi. Na ciro ƙusoshin maratayin na mayar da su inda ya kamata, washegari kuma na aika yaro ya gaya mata.